Zangarniyar da Baba Ya Rataye a Hayaƙi

Jiya na shiga madafa, ƙaurin hayaƙi a jikin dawa ya bugi hancina, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Kowace kaka yakan zaɓi zangarniya mafi cika, ya rataye saman murhu don hayaƙi ya kori ƙwari. In muka ɗaga ido sai ya ce, "Wannan ta damina ce, ba ta ciki ba."

Shekarar da ruwa ya ƙi, farkon zuwan Turawa, ɓarayi suka addabi hanyar Mahuta. Umarni ya iso ƙauyenmu Manga cewa a kai hatsin kowa rumbun gwamnati a Zuru, wai can ya fi tsaro, za a riƙa raba mana. Dogarai suka kwashe rumbunmu kaf. Ɗayansu ya leƙa madafa, ya miƙa hannu sama.

Baba, da yunwa ta hana shi tsayuwa sosai, ya riƙe masa hannu. "Ɗana, iri ne. In ka kai wa Bature, me za ka zo kwasa baɗi?"

Dogarin ya dubi yatsunsa da suka yi baƙi, ya bar zangarniyar ya fita.

Rabon bai taɓa iso mu ba. Ƙannena suka fita neman abinci, ba su dawo ba. Baba ya kwanta ƙarƙashin zangarniyar nan har ya cika, bai taɓa ko ƙwaya ba. Da ruwa ya sauka, ni kaɗai na shuka ta, ni ke sara, ni ke binnewa.

Baba, Allah Ya yayyafa wa kabarinka ruwan da ka jira ba ka gani ba.