Sunan da Hajjo Ta Kama a Jos

Hajjo mai ƙuli-ƙuli maƙwabciyata ce a Gidimuni, kuma wallahi ban taɓa ganin mace mai alkunya irinta ba. Ɗanta na fari, Sallau, har ya yi gemu ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. In ka ce mata "ɗanki", sai ta bar maka wurin.

Ana saura shekara biyu mulkin kai, labari ya zo daga Jos, inda ya tafi haƙar kuza. Rami ya rufta masa, yana kwance a likita, rai kwakwai mutu kwakwai. Wai Baturiyar da ke kula da ɗakin majinyatan ba ta jin Hausa, kuma uwa ko mata kaɗai take bari su shiga.

Hajjo ta rasa inda za ta sa kanta. Muka je wurin Kolo, mai kai gyaɗa Kano a kamiyo, babbar motar kaya, wanda ya tsinci Ingilishi a hanya.

"Iya, ba wuya," in ji Kolo. "Ki ce: Sallau iz mai san."

"Me ke nan?" in ji Hajjo.

"Sallau ɗana ne."

"Kai, Kolo! Da bakina? A cire sunan mana."

"Majinyata cike da ɗaki, ta yaya za ta san wanne? To, riƙe kunyarki, shi ya mutu a hannun baƙi."

Ni na raka ta. Tun daga Damagaram, a kan buhunan gyaɗa, take maimaita "iz mai san" tana hawaye. Wannan ya zauna daram. Sunan ne ya ƙi fita, har haushi ya sa na yi mata tsawa.

A Jos, Baturiyar ta tare ƙofa. Hajjo ta buɗe baki, shiru. Ta sake, shiru. Da ta ga ana shirin rufewa, sai ta kwarara murya: "Sallau! Sallau iz mai san!"

Ashe gadonsa na bakin ƙofa. Ya juyo da ƙyar.

"Inna, sake faɗi."

Ta durƙusa, ta kama hannunsa. "Sallau. Ɗana."

Bai kai la'asar ba.

Tun da muka dawo, duk mai sayen ƙuli-ƙulinta sai ya ji sunan Sallau. Masu cewa tsohuwa ta zubar da kunya kuwa, ni ke wanke su tas.