Layar da Majo Almoustapha Ya Farke

Shekara ashirin da shida ke nan, duk safiya kafin tumaki su fita kiwo, Majo Almoustapha kan share ƙofar ɗakin shan maganin Takanamat da kansa, ya tafasa allurai, ya ɗora tabaraunsa mai ɗaurin zare. Shi ne babban ma'aikacin jinyarmu, kuma mutum ne mai tambayar tsiya: ka zo da ciwon kai, sai ya ji abin da ya kashe kakarka. A watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa ban yarda ya tafi ba a faɗi abin da ya yi wata ranar kasuwa a 1996 ba.

Wani ɗan garinmu ne, Talle, ya dawo daga cin rani a Abijan, a rame. Maƙwabciyarsa Kadidiya, tsohuwar da mijinta ya rasu, ta dama masa furar barka da zuwa. Bai aje ludayi ba sai amai, jini tsagwaronsa, a cikin jinin kuma ga wani dunƙule baƙi mai tauri, girman dabino. Mata suka sa salati. Kan ka ce kwabo magana ta gama gari, wai Kadidiya ta sa masa sammu. Wasu dangi suka ce a kai shi wurin boka, wasu suka shiga watso tukwanen tsohuwar waje, suna cewa ta bar garin kafin azahar. A garin aka yanke mata cibiya, ba ta da inda za ta.

Majo ya iso a guje. Ya ɗaura wa Talle ƙarin ruwa, ya tsamo dunƙulen, ya wanke, ya jujjuya. Tunda yake bai taɓa ganin irinsa ya fito daga cikin ɗan Adam ba. Sai ya koma ga halinsa na tambaya.

"Talle, can Abijan an yi maka wani aiki?"

"An zura min tiyo ta baki," in ji Talle da ƙyar. "Lokotoron asibitin ya ba ni takarda, ya ce kar in rabu da ita."

"Tana ina?"

Talle ya taɓa wuyansa. Laya ce, sabuwa fil. Da aka ce masa kada ya rabu da takarda, bawan Allah ya yi abin da kowannenmu zai yi, ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata.

Majo ya zaro reza. Illa, wan Talle, ya riƙe masa hannu. "Majo, laya za ka hwarkewa? Ka ji tsoron Allah!"

"Shi nike ji," in ji Majo, ya farke ta.

Ba aya a ciki. Faransanci ne, da hatimin asibiti. Ya karanta sau biyu, sannan ya fassara da ƙarfi: ciwon hanta ya kumbura jijiyoyin jini a cikin Talle, ɗaya ta fashe, likitoci suka toshe ta da gam na asibiti. Takardar ta yi kashedi cewa gam ɗin kan ɓamɓaro bayan makonni, wurin ya sake zubar da jini, wani lokaci ma ɓarɓashinsa ya bi jini zuwa huhu. In haka ta faru, a ruga asibiti.

Gam a cikin mutum! Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Illa bai gamsu ba. "Wagga takardar nasara ce. Hurar hwa?"

Majo ya ɗauki ƙwaryar, ya kafa kai, ya shanye sauran furar tas, ya share gemu. "In na mutu ku kore ta. In ban mutu ba ku maida mata tukwanenta. Yanzu a tsaida min motar kasuwa."

A tsaye ya yi tafiyar a bayan mota, hannunsa a sama riƙe da kwalbar ruwan, har babban asibitin Tawa, inda aka ƙara wa Talle jini. Talle yana nan, ciwon bai sake shi ba, amma bana ya yi shuka.

Majo, kai ne ka tsaya tambaya ranar da gari duka ya riga ya yanke hukunci. Kai ne ka ceci rai biyu, ɗaya da reza, ɗaya da ƙwarya. Gagara-gasa na Adar, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu tasowa a wannan aiki, ku ɗauki tambayar tsiyarsa kafin ku ɗauki kujerarsa.

Jiya na je wurin Kadidiya, na tambaye ta ko waɗanda suka watso mata kaya sun ba ta haƙuri. Ta nuna min tukunyar da ta tsage ran nan, har yanzu da ɗaurin waya.

"Ko mutum guda," in ji ta. "Amma shi Majo ya sha hurata."