Ƙaramin Yatsan Muntaka

Muntaka Basarke ne, ɗan gidan masunta, mutumin Gaya ta bakin kogin Isa, kuma ba ka zama da shi minti biyar bai gaya maka ba. Ya zo Hajji a 1976 ya maƙale. Shekara talatin da 'yan kai teburinsa yana kusa da nawa a Bangala, kasuwar kifin Jidda, muna kankare wa masu saye kifi muna farke ciki. Kifin teku ne ya ciyar da shi duk shekarun nan, shi kuma kullum cikin zaginsa yake. Wai kifinsu hamur gishiri ne da ƙaya, wanda bai ci giwan ruwa ba bai san kifi ba. Nakan ce masa, to ga hanya nan.

In yana aiki yakan ɗaga ƙaramin yatsansa na hagu nesa da wuƙa, kamar amarya za ta sha shayi. Mun yi masa dariyar wannan har mun gaji.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Rahamatu, haifaffiyar unguwar Karantina a Jidda, wadda rabin Hausarta Larabci ne. Ta auri Hamad, mai gyaran injin jiragen ruwa a Lis, wani ɗan gari shiru a bakin teku, tafiyar awa biyu kudu da Jidda.

A 2010 kafilin Muntaka, ubangidan da ya tsaya masa, ya rasu, iƙamarsa, wato takardar zama, ta mutu, bayansa ma ya fara ƙin miƙewa. Hamad ya zo har gida ya durƙusa ya ce Baba ya koma wurinsu. Ga ɗaki, ga wani mai jirage ya yarda ya zama sabon kafilinsa, wata uku takardu za su ɗauka. A makon ne kuma ƙanensa Rafi'u ya bugo waya daga Gaya, ya ce gida na nan, kogi na nan, me tsoho yake nema a ƙasar mutane.

Ya je Lis ya yi kwana goma, ya dawo har da 'yar ƙiba. Ya ce garin ba laifi, sai dai ruwansu ba ya zuwa ko'ina. Ba zai zaɓa ba sai ya ga Gaya da idonsa.

Hanyar da ya ce zai bi ita ta ƙona min rai. A da, in mutum yana son leƙa gida ba shi da takarda, sai ya ɗauki jakarsa ya je ƙarƙashin gada ya zauna, motar tarhil ta kwashe shi, a mayar da shi ƙasarsu a jirgi kyauta. In ya gama ganin dangi ya yi sabon fasfo da sabon suna, ya dawo da bizar Umra. Muntaka ya yi haka sau biyu kafin ya sami iƙama. Na ce masa zamani ya canja, yanzu akwai basma, inji ke ɗaukar zanen yatsa, kuma inji ba ruwansa da sabon suna. Sai ya buɗe min hannuwansa. Wuƙa da gishiri da ƙanƙara sun cinye zanen, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ya ce wane inji zai karanta wannan.

Lokacin Rahamatu na da cikin wata bakwai. A gabana ta roƙe shi.

"Baba, wata uku bas. Ka ga jikanka, ba'aden ka tafi da takarda ka dawo da takarda."

Ya ce kafin suna ya dawo. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ya je ƙarƙashin gada aka kwashe shi, a tarhil aka gwada yatsu tara, inji bai ga komai ba. Na goman, ƙaramin nan da ya yi shekara talatin yana lallaɓawa, ya fito tsaf.

Gida kam yana nan a Gaya, amma 'ya'yan Rafi'u da matansu sun cika shi, sai ɗakin ajiyar taru aka share masa. Sa'o'insa duk suna maƙabarta. A kasuwa Balarabe ake ce masa. Wata rana ya bugo min, ya rage murya, ya ce giwan ruwa warin taɓo yake masa, kar in gaya wa kowa. Ban ko yi masa tsiya ba, tausayi ya hana ni.

A Sha'aban na 2011 ya sauka Jidda da fasfo mai sunan Usuman. Ni da Hamad da Rahamatu muka je tarbarsa, tana rungume da jaririn da aka sa wa suna Muntaka. Tun hantsi muke tsaye a waje har la'asar, fasinjoji suka fito suka ƙare. Can wayarta ta yi ƙara. Shi ne, da wayar wani mai shara. Ya ce ya yi ta naɗe yatsan, aka ce ya miƙe shi, inji ya gane shi. Jirgin da ya kawo shi ne zai mayar da shi.

"Na zaɓa, Rahamatu. Lis na zaɓa," in ji shi. "Sa takwarana ya yi kuka in ji."

Jaririn yana barci. Ta dube ni, ta dubi mijinta, sannan ta kara wa jaririn wayar a baki ta mintsine shi a cinya.