Kular Umma Ta Je Kaduna Ta Dawo

Mun tashi da asuba daga gida, tun maigadin layinmu bai gama miƙa ba. Mu huɗu ne a motar: Umma, Yayana, Kawu da ke tuƙi, sai ni a baya da kular ƙanƙara a kan cinya. Direban gidanmu an ba shi hutun da bai nema ba, don Umma ta ce bakinsa ya fi gidan rediyo nisan zango. Ku da kuke bibiyata kun san ba na ba da labari sai na zuba masa gishiri har ya yi ɗaci. Yau zan rage hannu. Yaya da kansa ya ce in rubuta, kuma ya ce in na ƙara ko kalma ɗaya zai tona asirin wanda ya fasa gilashin motar Abba.

Yayana yana shaƙar hodar iblis. To, na faɗa, na huta. Tun yana jami'a abin ya kama shi. Yakan yi kwanaki bai runtsa ba, yana zuba kamar mai yaƙin neman zaɓe, daga nan ya zube a ɗaki ko sallama ba ya amsawa. A Nassarawa GRA katangu dogaye ne, kuma ba don ɓarayi kaɗai ake ɗaga su ba. Ga Abba yana neman tikitin takarar majalisa, fastocinsa sun rufe bango daga Hotoro har Badawa. A garin da ake tinƙaho da shari'a, ɗa mai shaye-shaye ya isa ya kayar da uba tun kafin a buga ƙuri'a. Saboda haka a gidanmu sunan ciwon Yaya taifot. Ni ce kakakin gida, ni nake yaɗa taifot ɗin, kuma na iya aikina.

Abin da ya ɗaga mu shi ne wani bidiyo da aka turo a zauren WhatsApp na matan islamiyyar su Umma, wai Turawa sun gano allurar da ke cire shaye-shaye daga jiki lokaci guda. Umma ta kalle shi har wayarta ta mutu. Ta shirya komai a ranta: mu je Kaduna inda ba a san fuskar Abba ba, mu ga wata likitar ƙwaƙwalwa da Kawu ya samo, mu karɓo allurar a kula cike da ƙanƙara, nas ɗin da ke zuwa auna mata hawan jini ta yi wa Yaya a ɗakinsa. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani. Haka ake jinya a unguwarmu, magani ne yake zuwa gida, mara lafiya ba ya fita.

Muna hawa titin Zariya Yaya ya juyo ya ce, "Auta, riƙe kular nan da kyau, rayuwata ce a ciki." Na yi dariya, shi bai yi ba.

Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma sai a karkatar da ku hannu ɗaya, ku da tirela kuna kallon juna ido cikin ido. Wajen Kura shinkafa ta yi kore shar, manoma har sun shiga ruwa. A Kwanar Dangora muka tsaya karyawa. Ƙosan wurin ya ƙanƙance sosai, ina ganin da cokalin shayi ake zuba shi, amma kuɗinsa ya girma ya yi gemu. Mai shayin ya ce tsadar mai ce. Kawu ya tambaye shi ko da fetur yake dafawa. Yaya ya riƙe kofinsa da hannu biyu, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye.

A shingen bincike kafin Zariya wani jami'i ya leƙo ya nuna kular. Na buɗe masa, ya ga ƙanƙara zalla, ba lemo ba ruwa. Ya dube ni, ya dubi Umma, ya ce Allah ya kiyaye hanya, da alamar ya yanke cewa masu kuɗi ba su da cikakken hankali. A Kwangila masu talla suka rufe mu da rake da ayaba da cajar waya. Daga nan har Mararrabar Jos Umma tana ta jan carbi.

Asibitin ba kamar yadda na zata ba ne. Na ɗauka zan ga sarƙa da ihu. Abin da na gani shi ne benci a ƙarƙashin bishiya, da iyaye mata a zaune da kwanukan abinci, wasu da mayafi wasu da ɗankwali kawai, duk fuskarsu iri ɗaya da ta Umma.

Likitar Kirista ce, 'yar wajen Zariya, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ta fara ganin Yaya shi kaɗai, ta daɗe, sannan ta ce mu shigo. Umma ta ɗora kular a kan tebur ta miƙa mata wayar. Likita ta kalli bidiyon har ƙarshe, ba ta yi murmushi ba.

"Hajiya, da allurar nan tana nan, da ni zan fara bin layi in karɓo wa yarana na cikin ɗakin can," in ji ta. Ta yi mana bayani a hankali. Masu shan irin su kodin akwai magungunan da ke taimaka musu. Amma hodar iblis da 'yan uwanta masu zaburar da jiki, har yau ba a samu maganin da aka tabbatar ba. Masu bincike suna ta gwada tsofaffin magunguna na wasu cututtuka, har da allurar riga-kafi. Wasu sun ɗan taimaki wasu mutane, wasu ba su yi komai ba, kuma aikin bai ƙare ba.

Umma ta matso ta rage murya. "Likita, ko na gwajin ne a ɗan sam mana. Mu ba baƙi ba ne, Alhaji zai gode."

"Ba a ɓoye yake a durowa ba, Hajiya. Ko a inda ake gwajin, wasu maganin ake ba su, wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, likitan ma bai san wa ya samu wanne ba. Abin da muke da shi a hannu shi ne ya kwanta a nan na ɗan lokaci, ya yi barci, ya ci abinci, a zauna da shi a yi magana, a riƙa duba fitsarinsa. In ya koma gida kuma ya ci gaba da zuwa. Wannan ba ya shiga kula."

"To me zan ce wa mutane?"

Yaya ne ya amsa, kansa a ƙasa. "Umma, na gaji da taifot. Ki bar ni a nan."

Umma ta ɗauki waya za ta kira Abba, ta dube ta, ta mayar cikin jaka. Sai ta cire zoben azurfar da ke hannunta ta sa masa a ƙaramin yatsa, don nan kaɗai ya shiga, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." A bakin ƙofar ɗakin kwanciya ya ce da ni, "Auta, kin ga rayuwar tawa ba ta cikin kular ashe."

Dawowa ta fi zuwa tsawo. Kujerar gaba ba kowa. Ƙanƙarar ta narke, duk ramin da muka faɗa sai ruwan ya yi ƙara a cinyata. Na yi ta shirya labari a raina, don na san aikina ne: Yaya ya samu gurbin karatu, ko ya tafi Abuja ganin wani babban mutum. Kafin mu kai Chiromawa har na ba shi ofis da sakatariya.

Mun shigo layinmu bayan la'asar. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya da ba abin da ke wuce ta, tana bakin get ɗinta tana sallamar baƙi. Ta leƙo ta ƙirga mu da ido. "Sannunku da hanya. Ina babban ɗan nawa?"

Na ja numfashi zan fara, Umma ta dafa gwiwata.

"Yana asibiti a Kaduna, Hajiya. Shaye-shaye ne. A taya mu addu'a."

Na zata Hajiyar za ta juya. Sai ta matso ta kama hannun Umma ta taga, ta ce a hankali, "Wane asibiti ne? Ni ma ina da mai buƙata a cikin gida."

Abba ya ji labarin a ranar. Washegari ya ce a kira direba, za shi Kaduna.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, amma ya ishe ni. Maganin da muka je nema ba a gama gano shi ba, masu nema suna kan nema, Allah ya ba su sa'a da wuri. Kafin nan, Yayana yana barci yana cin tuwo a inda aka san sunan ciwonsa. Ruwan kular kuwa na juye shi a gindin mangwaron Umma, na kife ta a rana.