Azumin Mama a Hyattsville

Mama ta zo mini jego a Hyattsville, garin da nake zaune a ƙasar waje, bayan haihuwar da aka yi mini tiyata jini ya ƙi tsayawa. Na koma aiki a gidan kula da tsofaffi da ke Greenbelt, ina barin jaririyar a hannunta. Sai ga Larabar Toka, farkon azuminmu na Katolika na kwana arba'in kafin Ista.

A nan abin da sauƙi. Ka rage ci ranar Toka da Jumma'a Mai Tsarki, ka bar nama kowace Jumma'a, ka zaɓi wani abin marmari ka ƙaurace masa. Ni kofi na bari. Da na faɗa wa Mama, sai ta dube ni sheƙeƙe.

"Wannan ne azumi? Wannan ai tsirfa ce."

A ƙauyenmu na kudancin Kaduna, azumi kamar na maƙwabtanmu Musulmi yake, ko ruwa ba ya wuce maƙogwaro sai rana ta faɗi. Shi Mama ta ɗauka, ita da ke allurar ciwon suga kowace safiya!

Wallahi na tsorata. Na yi lallashi, na yi faɗa har da buga ƙofa, ni dai bakina ba ya da linzami. Na kai ta wurin Fada, limamin cocinmu, ya ce Coci ba ta ɗora wa mai shekarunta azumi ba, balle marar lafiya. Ta durƙusa ta yi godiya. Muna shiga mota ta ce, "Yaron kirki. Amma ba shi na yi wa magana ba."

 Kullum a wurin aiki ina ba wata tsohuwa abinci a baki, hankalina na kan tawa tsohuwar, goye da 'yata, a kicin, kusa da wuta. Na roƙi Hajiyar da ke ɗakin gabanmu, Bakanuwa, ta riƙa leƙa ta, na ba ta mabuɗi. Shekarar nan azuminsu ya haɗu da namu.

Wata Alhamis da rana na kira Mama, shiru. Na sake, shiru. Na kira Hajiya, ita ma ba ta ɗauka ba. Ko izini ban nema ba na fita. A cikin jirgin ƙasa addu'ar Ubanmu nake ta karantawa, amma na kasa kai ta ƙarshe.

Motar asibiti na tarar a ƙofa. Mama na kwance a falo, suganta ya faɗi, zufa sharkaf, ma'aikatan na kanta. Hajiya na rungume da jaririyar, yatsunta duk zumar da ta shafa wa Mama a baki. Ta ce kukan yarinyar ta ji ya ƙi ƙarewa, shi ya sa ta buɗe ta shiga.

Da Mama ta dawo hayyacinta ta lashi leɓenta, ta ji zaƙi, sai idonta ya yi kan taga. Rana na nan tsaye.

"Wayyo, kun karya mini!"

"Mama, mutuwa kike so ki yi mini a ƙasar mutane?"

Ta kama hannuna gam. "Ranar da aka bugo mini cewa jininki ya ƙi tsayawa, na ce da Ubangiji Ya bar mini ke, ni kuwa zan ba Shi arba'in ɗin nan cif, ba ruwa. Ya cika nasa. In na fasa nawa Ya karɓe ki fa?"

 Hajiya ce ta ce, "Haba Mama, Allah ba ya haka." 

Daga ranar ta riƙa ci, likita ya tsare ta, ni ma na tsare ta. Tana ci kamar mai haɗiyar magani. Amma har Ista ta zo, kowace safiya kafin in tashi sai in ji an turo ƙofa a hankali. Mama ce. Ta sunkuyo, ta sa bayan hannunta kusa da hancina, ta ɗan tsaya. Ni kuwa in rufe ido, in ja numfashi da ƙarfi don ta ji.