Gizago Mai Ƙishirwa

Gidan masassaƙa ba ya rasa wuta. Abin da babana ya fere a wuni na turmi da akushi, shi muke kwashewa da yamma mu tara a ƙofar ɗakin kakarmu Tumba, a Dalijan. Idan aka idar da sallar lisha sai ta hura, mu kuma mu kewaye ta da 'yan tsummokaranmu na ɗari. Sassaƙen ƙirya ba ya tashi da harshe, ci yake a hankali, har yau kuwa idan na ji ƙamshinsa sai in ji kamar za a kira ni a ce in gyara zama. A lokacin Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Gwandu ba, ni kuma ban fi a aike ni ɗebo ruwa ba.

Tumba mace ce mai tsananin kunya irin ta mutanen da. Babana, Manu, shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda ya zauna, ba ta yi masa magana ido da ido. Idan za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Mu yara dariya abin yake ba mu, mukan tsokane ta mu ce, "Inna, wane ne wancan?" sai ta ɗaga mana kara.

A shekarar da nake magana gero bai yi ba. Rumbunmu ko rabi bai kai ba, abin da muke sa rai da shi kawai turamen amare ne da aka ba babana aiki, waɗanda za a musanya mana da hatsi. Ana cikin haka gizagonsa na gado, wanda yake sassaƙa da shi tun yana saurayi, ya cinye har ba sauran bakin da za a wasa. Maƙerin da ya san hannun gidanmu yana can Wurogauri wajen Kalgo, tsoho ne mai jan rai, ba ya ƙera wa mutum gizago sai ya ga yadda yake sara. A kasuwar Gwandu kuma wani baƙo ya baza gizagai sababbi fil, sai ɗauka. Da magariba muka ji babana yana gaya wa mahaifiyata cewa gobe na baƙon zai saya, don ba shi da kwanakin ɓatawa a hanya.

Daren nan Tumba ba ta tambaye mu wace tatsuniya muke so ba, ba Gizo ba Ƙoƙi. Ta juya fuskarta wajen zanan da ya raba mu da inda babana yake zaune, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ku matso, ɗiyan ga. Ta yau ba ta dariya ba ta."

Ta ce an yi wani masassaƙi mai gaggawa. Ya je wurin tsohon maƙerin garinsu neman gizago, tsohon ya ce ya dakata a ƙona gawayi, a gwada tsawon damtsensa, a ga nauyin da hannunsa zai ɗauka. Masassaƙi ya yi tsaki ya nufi kasuwa. Can ya tarar da wani mutum da gizagai suna walƙiya. Mutumin nan rigarsa fes, hannunsa babu tabon wuta ko ɗaya. Masassaƙi ya ce, ina maƙerarka? Ya ce tana can baya, nesa. Bai ƙara tambaya ba, bai buga ƙarfen ya saurari kukansa ba, bai nemi kututturen ƙirya ya gwada a gaban mai shi ba. Ya saya ya koma gida.

Gizago ya ci itace mai laushi kamar tuwo, har masassaƙi ya fara yi wa tsohon maƙeri dariya. Amma kullum dare sai a ji wata 'yar murya daga inda aka rataye shi. A nan Tumba ta matse murya ta yi ta siririya.

"Ƙishirwa nika ji. Wanda yaƙ ƙera ni bai shayar da ni daidai ba. Ƙishirwa nika ji."

Ta tsaya ta bayyana mana, ko da yake yanzu na san ba mu take bayyana wa ba, cewa maƙeri idan ya gama dukan ƙarfe yakan tsoma bakinsa a ruwa. In ya yi garaje ƙarfen ya bushe ya yi gautsi, in ya yi sanyin hannu ya lanƙwashe, ido kuma ba ya bambance su. Sai ta ce ranar da masassaƙi ya kai gizagon kan zuciyar ƙirya, gizago ya nemi abin shansa a jikin mai shi. Da aka koma kasuwa neman baƙo, ko sawunsa ba a gani ba.

"Kun jiya? Ƙarhen da za shi kwana gidanka, ka san ƙohwar wanda yay yi shi."

Ba ta rufe da abin da ake rufe tatsuniya da shi ba. Ta zuba wa zana ido. Muka ji babana ya yi gyaran murya, ya tashi ya shiga ɗaki. Ya ji, babu shakka ya ji. Amma tatsuniya ce ta yara, babba ba ya amsa ta, ga kuma rumbu yana kallonsa.

Ya sayo na baƙon. Kwanakin farko aiki ya yi ta gudu, har mahaifiyata ta fara sakin fuska. Rannan da hantsi yana rarake turmi a gindin tsamiyar ƙofar gida, sai muka ji ƙara kamar an fasa kasko. Bakin gizagon ya ɓalle, ɓarin ya shige idonsa na dama. Tumba ta fito da gudu babu mayafi, a gaban maƙwabta, tana cewa, "Manu! Manu, ɗana!" Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Ta ɗora kansa a cinyarta kamar jinjiri, shi kuwa yana ta ba ta haƙuri.

Idon bai dawo ba. Turamen wani ya ƙarasa su, muka ci wuya a shekarar. Da ya warke ya tafi Wurogauri, tsohon maƙerin ya sa shi ya yi ta sara a gabansa, ya ƙera masa gizago mai gajeriyar ƙota daidai da mai ido ɗaya. Da shi ya ciyar da mu har ya tsufa. Tumba ta ci gaba da yi mana tatsuniya, amma wannan ba ta sake yin ta ba, ko mun roƙa.

Na daɗe ina ɗauka darasin na ƙarfe ne, kuma na riƙe shi: ban taɓa sayen kayan aiki a hannun wanda ban ga zuga-zuginsa ba. Sai da na haifi nawa ɗan farin, na ji harshena ya yi nauyi a kansa, sannan na gane abin da tsohuwar nan ta kwana da shi. Ta san gaskiya sarai, ɗanta yana bayan zana, amma iyakar abin da kunya ta bar ta ta yi ke nan. Ina jin tausayinta har yanzu, ban kuma ga laifinta ba.

Da ɗan farin nawa ya isa riƙe gizago, na ji yana shawara da abokansa a kan na kasuwa. Na fita na kira shi da sunansa a gaban dattawan unguwa, na kama hannunsa muka kama hanyar Kalgo, wurin maƙeran Wurogauri. An yi ta magana a gari cewa jikan Tumba ba shi da kunya. Na ji, ban fasa ba. Yaron yau shi ma ya yi furfura, da idanunsa biyu.