Rabin Tanki da Sulusin Tanki

Tun gashinsa yana baƙi Baba Direba yake jan motar zuƙe masai, ga shi yanzu furfura ta cinye kan. Aikin ba na alfahari ba ne. In ya shigo layi sai mata su rufe taga, mai shago ya miƙo masa ruwa da ɗan yatsa biyu. Bai taɓa damuwa ba. Abu ɗaya yake riƙe da shi: in ya gama da gida, ko ɗigo ba a gani a ƙasa. Zai naɗe tiyo, ya wanke bakin rami, ya mayar da murfi. Da wannan ya ciyar da 'ya'ya biyar, kuma saboda wannan mai motar ya bar masa makulli duk shekarun nan.

Amma mai motar ya tsufa, kunnensa ya koma hannun matarsa, ita kuwa tana da ƙane da ya rasa abin yi. Mutum ne ɗan shekara arba'in, mai tumbi, kullum da biro a bayan kunne, shi ya sa ake ce masa Akawu. Aka haɗa shi da Baba wai ya riƙa taya shi. Bai taɓa riƙe tiyo da hannu biyu ba. Abin da yake so makullin ne, kowa a garejin ya sani, kuma mai motar ya riga ya faɗa cewa ranar da aka kawo ƙarar Baba, ranar zai sauka.

Gilashin da ke nuna cikar tanki ya daɗe da fashewa. Baba yakan sauko ya ƙwanƙwasa gefen tankin da sifana, ya ji inda ƙarar ta mutu. Rannan bayansa ya riƙe, ko juyawa a kujera sai ya cije leɓe. Sun yi gidaje biyu da safe. Na farko raminsa rabin tanki yake ci, na biyu sulusi, wannan ya san shi kamar sunan 'ya'yansa. Saura gidan wata malama da ta yi ritaya, ita ma raminta rabin tanki ne.

"Mu je mu zubar tukuna," in ji Baba.

"Haba Baba, har bayan gari? Da wannan bayan naka?" Akawu ya zaro biro ya buɗe tafin hannunsa. "Duba nan. Ɗaya bisa biyu, ɗaya bisa uku. Sama da sama, biyu. Ƙasa da ƙasa, biyar. Biyu bisa biyar. Ko rabi ba mu kai ba."

"Motar ta yi min nauyi a kwana."

"Tsufa ne ya yi maka nauyi. Ni na yi makaranta, kai ka yi sifana."

Baba ya dubi sifanar a ƙarƙashin kujera, ya dubi tsayin matakalar da zai sauka. Ya yi tsaki, ya sa giya.

Layin malamar tsaf yake, an share ƙofar kowane gida, ga tukwanen furanni a gefen get ɗinta. Akawu ya jefa tiyo a rami da ƙafa, ya tayar da inji, ya koma inuwar motar yana danna waya. Baba na zaune a mota yana jin injin yana ja. Can sai ya ji muryar ta canza, ta yi kauri kamar mai shaƙewa. Kafin ya buɗe baki, murfin saman tankin, wanda da ma da waya aka ɗaure shi, ya ɗaga.

Abin ya fito baƙi ƙirin, mai kauri, ya gangaro ta gefe biyu. Ya bi gilashin mota, ya sauka kan furanni, ya shige ƙarƙashin get. Warin ya daki layin gaba ɗaya. Wata mata da ke shanya ta saki bokiti ta fara amai. Akawu ya tsaya yana ihu, "Kashe! Kashe!" alhali maɓallin yana kusa da gwiwarsa. Baba ne ya diro, baya ko ba baya, ya taka cikin abin har idon sawu ya kashe injin.

Malama ta fito da mayafi a hanci, idonta ya yi ja.

"Baba, kai ne? Kai da nake ba mutane lambarka?"

"Ni ne, Malama."

"Lissafi ne ya ɗan samu matsala," in ji Akawu, ya miƙa mata tafin hannunsa daga nesa.

Ta karanta, ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa. "Kai, bawan Allah, kana da rabin tanki, ka ƙara masa sulusi, sai ya ragu ya koma ƙasa da rabi? A ina ake ƙara abu ya ragu? Raba tankin gida shida. Rabi gida uku ne, sulusi gida biyu. Biyar cikin shida kuka shigo min da shi layi! Gida ɗaya ya rage muku, kuka ɗura masa uku."

"Ai akwai hanyoyi da yawa na..."

"Rufe min baki, ƙuda na shiga."

Ba Akawu ne ya fi ba Baba haushi ba. Rabin tanki dai ya san shi, ya san in an ƙara masa ko kofi ɗaya ya wuce rabi. Wannan ba sai an je makaranta ba. Ya ji maganar banza da kunnensa, ya yarda da ita don kawai ba ya son sauka daga kujera.

Ya roƙi bokiti da tsintsiya. Ya wanke get, ya wanke kwata, ya kwashe ƙasar furannin da hannu, ya zuba maganin wari har ƙofar maƙwabta. Akawu kuwa ya matsa can ƙarshen layi yana waya, yana nuno motar da hannu. Baba bai buƙaci a gaya masa da wa yake magana ba.

Da suka koma gareji mai motar yana zaune a benci, matarsa tsaye a bayansa. Bai tambayi yadda aka yi ba, Baba ma bai tsaya bayani ba. Ya ajiye makullin a kan bencin.

"Ba korarka na yi ba," in ji mai motar, yana kallon ƙasa. "Za ka riƙa riƙe tiyo. Shi zai ja."

Washegari Baba ya zo da wuri, ya zauna a kujerar gefe. Akawu ya hau yana fito, ya murɗa makulli, motar ta yi tsalle ta mutu.

"Taka kuloci," in ji Baba, ya juya fuska waje ya tofar da yawu.